AUDUGAR DUTSE DA MATSALAR RUFIN ƊAKI A ƘASAR JUNJU

Duk wanda ya san garuruwan kudancin jihar Doso shekaru talatin da suka wuce, in ya koma yau, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne ƙyallin kwano. Daga Gaya har Junju, garin da takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, ɗakunan ciyawa da sorayen ƙasa suna ja da baya, rufin kwano, watau tol, yana shigowa gida bayan gida. Ba a ga laifin mai gida ba. Kwano ba ya neman baibaya ko yaɓe ko wace shekara, gara ba ta cinsa, kuma shaida ce ta cewa ɗan da ya tafi cin rani Najeriya ko Benin bai dawo hannu rabbana ba. Amma fa da bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano maras rufin ciki yakan zama tanda, domin zafin ƙarfen da rana ta buga yakan wuce digiri 60, kuma kai tsaye yake sauka a kan wanda ke ciki. Tsoho da majinyaci da jariri su ne ke fara jin jiki.

Zancen ya wuce na rashin jin daɗi. Ran 3 ga Afirilu 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu na farkon watan. Masana yanayi da suka bi diddigin al'amarin sun ce ba don ɗumamar duniya ba da zafin bai kai haka ba, kuma irinsa zai riƙa dawowa a ƙasashen Sahel. Komawa ga ciyawa kuwa yana da nasa haɗari, wanda ƙasar nan ta gani da idonta. Ran 13 ga Afirilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara irin wannan masifa ta auku a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25. A lokacin hukumomi sun ƙidaya kimanin azuzuwa dubu 36 na zana da ciyawa a faɗin ƙasa.

Ashe ke nan abin da ake nema shi ne kayan rufi mai tare zafi wanda kuma wuta ba ta ci. A ƙasashen Turai da Asiya akwai irinsa tun da daɗewa, har ma masana sun nuna ana iya yinsa da sharar da masu yankan dutse ke zubarwa. Labari ne mai daɗin ji, watau juji ya koma dukiya. Ya kamata a duba shi a tsanake, a auna shi da abin da ke akwai a ƙasar Junju, kafin a ce ya dace ko bai dace ba.

Mece ce audugar dutse?

In an ce dutse yana zama auduga, mai sauraro zai zaci almara ce. Alhali kuwa abin yana faruwa da kansa a tsibirin Hawai, inda iska ke kaɗa ruwan dutsen da ke fitowa daga tsauni mai aman wuta, ta ja shi ya zama siraran zaruruwa kamar gashi. Wannan ne mutane suka kwaikwaya. A shekarar 1840 wani mai suna Edward Parry, a yankin Wales na Birtaniya, ya gwada yin zare da kashin da ke fita daga tanderun narka ƙarfe. A 1871 aka soma yinsa don sayarwa a Georgsmarienhütte ta ƙasar Jamus. A 1897 wani injiniya, Charles Hall, ya yi shi da dutse zalla a jihar Indiyana ta Amurka, sa'an nan a 1937 kamfanin Rockwool ya fara aikinsa a ƙasar Danmak, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a a duniya.

Ga yadda ake yi. Ana loda baƙin dutsen aman wuta, wanda ake kira bazal, tare da dutsen farar ƙasa da kashin ƙarfe, cikin wani dogon tanderu. Ana hura masa wuta har zafi ya kai wajen digiri 1,500, dutsen ya narke ya zama ruwa ja wur. Ruwan yana zuba a kan wasu faya-fayan ƙarfe masu juyawa sau dubbai a minti guda, su watsa shi, iska mai ƙarfi ta ja shi ya zama zare wanda ya fi gashin kai siranta kusan sau goma. A fesa masa ɗan danƙo, a tara shi kamar auduga da aka shiɓe, a danne, a gasa, a yanka shi alluna ko a naɗe shi kamar tabarma. Maƙeran da na ƙasar Hausa, masu narka tama a Adar da sauran wurare, sun san rabin wannan aiki, domin kashin da ke gangarowa daga tanderunsu narkakken dutse ne. Abin da ba su da shi shi ne injin da zai ja shi zare kafin ya daskare.

Asirin amfaninta yana cikin iskar da ke maƙale tsakanin zaruruwan, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta iska ce, kuma iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi. Shimfiɗa mai kaurin santimita 5 tana hana zafi ratsawa kamar katangar ƙasa mai kaurin kusan mita guda. Ba ta kama wuta, zarenta yana jure zafin da ya kai digiri 1,000, gara ba ta cinta, kuma tana rage ƙarar ruwan sama a kan kwano, abin da duk malamin da ya taɓa koyarwa da damina a ajin kwano ya san darajarsa. Tana da nata aibi. In ta jiƙe amfaninta ya ragu ƙwarai, ƙurarta tana sa ƙaiƙayi da tari, tilas mai aikinta ya rufe hanci da hannu. Game da tsoron cutar daji da aka yi ta yi a da, cibiyar binciken wannan cuta ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sake duba al'amarin a 2001, ta fitar da audugar dutse ta gini daga jerin abubuwan da ake tuhuma.

Daga juji zuwa tanderu

Inda ake yanka manyan duwatsu don yin allunan daɓe da na ado, zarto yana cin dutse yana mai da shi gari, ana kwarara masa ruwa don kada ya yi zafi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ko wane curin dutse a haka yake ƙarewa, ya zama farin caɓi, ban da gutsattsarin da ke karyewa. A garin Kishangarh na jihar Rajastan a Indiya, inda ake zubar da wannan caɓi ya zama wani farin fili mai faɗi, har baƙi na zuwa kallo suna ɗaukar hoto. A Shaƙƙ al-Su'uban kusa da Alƙahira, da jihar Espirito Santo ta ƙasar Birazil, matsalar ɗaya ce: caɓin yana toshe magudanan ruwa, yana kashe gona, in ya bushe iska ta kwashe shi zuwa huhun jama'a. Ƙurar dutsen giranit musamman tana jawo ciwon huhu wanda ba ya warkewa.

Me zai hana a zuba wannan gari a tanderu maimakon a fasa sabon dutse? Wahalar tana cikin abin da dutsen ya ƙunsa. Giranit yana da sinadarin silika, wanda shi ne jikin rairayi, kimanin kashi 70 cikin 100, shi ya sa in ya narke yakan yi kauri kamar danƙo, ba ya jawuwa zare da kyau. Bazal kuwa silikarsa ba ta cika kaiwa rabi ba, ruwansa ya fi tsinkewa. Farin dutsen ado da Faransawa ke kira marbur shi kuma alli ne kusan zalla. Dabarar masana ita ce haɗi: a ɗebi garin giranit, a gauraya da abin da ke da alli da yawa, ko garin marbur ko kashin ƙarfe, har haɗin ya yi kama da bazal. Masana na jami'ar Sawo Pawulo a Birazil sun buga sakamakon irin wannan gwaji a 2015, inda suka nuna cewa garin giranit da kashin masana'antar ƙarfe suna iya maye gurbin wani babban kaso na kayan da aka saba narkawa. Tun da garin ya yi laushi da yawa, akan dunƙula shi da siminti kamar ƙananan tubala kafin a zuba, don kada ya toshe numfashin tanderu.

To, dabarar gaskiya ce, ba a musu. Amma a lura da inda ta fito. Ta fito a wuraren da ɗaruruwan masu yankan dutse suke gefe guda, masana'antar ƙarfe tana kusa, wutar lantarki tana wadace, masu saye suna jira. Can sharar ce ta yi yawa har ta zama bala'i, aka nemi inda za a kai ta.

A auna da ƙasar Junju

Junju ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Gaya, tana da ƙananan hukumomi uku, Junju da Karakara da Zabori, kuma ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da dubu 100. Tana kwance a kwarin Dallol Mauri, gabas da ita jihar Kabi ce ta Najeriya. Ƙasa ce ta fadama, ta rake da rogo da giginya, ruwa yana kusa, damina ta fi ta yawancin ƙasar nan albarka.

Awo na farko shi ne dutsen kansa. Tuddan da ke gefen kwarin na dutsen rairayi ne da yumɓu, da ɓawon marmara a bisa. Marmara tana da ƙarfe da yawa, alli kaɗan. Dutsen rairayi kuwa silika ne kusan duka, narka shi sai wuta mai tsanani. Ko ɗaya bai dace ya zama jigon haɗin ba. Giranit a Nijar yana Liptako, yamma da kogin Kwara, da Damagaram da Muniyo, da kudancin Maraɗi, da Abzin. Bazal yana tsaunukan Abzin, fiye da kilomita 700 a mota daga Junju, ko kuma a Najeriya, wajen Jos da Biyu. Dutsen farar ƙasa yana jihar Tawa, inda masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙarsa. Abin da ake haƙa a wannan yanki marmara ce da burji da yashi, don cikon hanya da tushen gini, kuma abin da ya rage a bakin rami ba ya tara tsibin da zai ciyar da tanderu ko na mako guda.

Awo na biyu shi ne wuta. Tanderun gargajiya na wannan sana'a yana cin gasasshen gawayin ƙasa da ake kira kok, wanda sai an shigo da shi daga waje. Na zamani yana aiki da lantarki, kamar wanda Rockwool ya kunna a garin Moss na ƙasar Norwe a 2020, amma narka tan guda yana cin kusan kilowat-awa dubu. Masana'antar da ke narka tan 5 a awa guda tana bukatar wajen megawat 5 dare da rana. Don a gane girman abin, tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018, megawat 7 take bayarwa, shi ma da tsakar rana. Kuma tanderu ba ya haƙuri da ɗaukewar wuta: in ta yanke ya huce, dutsen ya daskare a cikinsa, gyara sai da guduma. An san halin da ake ciki. Tun 1976 layin da ya taso daga Birnin Kabi, ya ratsa Doso zuwa Yamai, shi ne babbar jijiyar wutar yammacin ƙasa, kuma kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta 2023 aka yanke ta saboda takunkumi, ba ta dawo ba sai Maris 2024. A ƙasar da, bisa ƙididdigar 2022, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gida, mai neman megawat 5 don narka dutse yana da dogon layi a gabansa, bayan asibitoci da famfunan ruwa da masu injin niƙa.

Awo na uku shi ne kasuwa, kuma a nan ƙaramin lissafi ya isa. A ɗauka ana son audugar da mita kubik ɗinta ke da nauyin kilo 50. Tan guda zai ba da mita kubik 20, wanda in aka shimfiɗa shi da kaurin santimita 5 zai rufe murabba'in mita 400. Aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7 murabba'in mita 63 ne, watau tan guda ya ishi azuzuwa shida. In da za a gina azuzuwan nan dubu 36 gaba ɗaya, a sa wa ko wane audugar dutse a rufi, abin da za a bukata bai kai tan dubu 6 ba. Alhali galibin masana'antun zamani ko wace tana fitar da tan dubu 30 ko fiye a shekara. Ma'ana, aikin da ya fi ko wane girma da ƙasar nan za ta iya ba irin wannan masana'anta, cikin wata biyu ko uku za ta gama shi ta zauna. Sayarwa ƙasashen nesa ma ba sauƙi, domin kayan iska ne: babbar mota tana cika maƙil tun ba ta ɗauki rabin nauyin da take iyawa ba, kuɗin sufuri ya cinye riba.

Duk wanda ya haɗa awon nan uku zai ga cewa masana'antar audugar dutse a Junju, ko a Gaya, ba ta da ƙafar tsayawa a halin yanzu. In wata rana ƙasashen yankin sun haɗa kasuwarsu, kuma madatsar ruwa ta Kandaji, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130, ta soma aiki, za a iya sake buɗe lissafi, amma ko a lokacin wurin da ya dace shi ne inda dutsen da wutar suke. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Abin da ke hannu

Darasin da ke cikin labarin Birazil ya fi masana'antar kanta amfani, watau a dubi abin da wata sana'a ke zubarwa a ga ko wata tana bukatarsa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga maginan ƙasar Hausa. Laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa, da me ake yinsa? Da katsi, watau laka da ke kwanta a gindin karofin marina, wadda ake ƙonawa a daka. Da gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fata su zubar. Da ruwan dafara. Makuba kuwa daga kwasfar ɗorawa take. Sharar marini da ta majemi ita ce ta riƙe sorayen Kano da Damagaram shekara da shekaru.

Soron ƙasa yana maganin zafi ta wata hanya dabam da ta auduga: kaurinsa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya yi. Abin da ya karya shi a Dallol Mauri shi ne azara. Giginya, musamman namijinta, ita ce ke ba da azarar da gara ba ta ci, kuma dajin giginya na wannan kwari, mai faɗin kimanin hekta dubu 30, shi ya daɗe yana rufe ɗakunan Doso da Yamai. Amma itacen yana shekaru masu yawa kafin ya isa sara, aka yi ta sara fiye da yadda yake tsirowa, har sai da aka sa doka, sa'an nan a shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, aka danƙa kula da dajin a hannun ƙauyuka. Azara ta yi tsada, kwano ya samu ƙofa.

Tun 1980 aka gwada mafita a Cikal, cikin ƙasar Filinge, inda ƙungiyar Development Workshop ta koya wa magina rufe ɗaki da tubalin ƙasa zalla, a yi baka ko tulluwa, ba azara ko ɗaya. Dabara ce da ta samo asali daga ƙasar Nuba a kwarin Nilu, aka san ta a nan da sunan gini ba da itace ba, kuma an horar da ɗaruruwan magina a Nijar da Mali da Burkina Faso. A Dandaji ta jihar Tawa, a 2018, Mariyam Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar Gando a 2001 da ta Dano a 2007, ta biyun da yankakkiyar marmara, ya yi rufin ciki, sa'an nan ya ɗaga kwano sama da shi ya bar fili iska tana ratsawa. Kwanon yana tare ruwa da rana, amma zafinsa ba ya sauka kan yara. Wannan mutum ya samu lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Marmarar da ba ta yi wa tanderu ba, ga shi ta yi wa bango, kuma gutsattsarin da ke faɗuwa wajen sassaƙarta yana shiga cikon daɓe, garin yana shiga kwaɓin tubali da yaɓe, ba tare da an hura wuta ba. Haka masana na makarantar injiniyoyi ta 2iE a Wagadugu suka gwada yin tubali da tokar gawayin kamfanin Sonichar na Cirozerin, suka buga sakamakon a 2013.

Ga masu ɗakin kwano da aka riga aka gina akwai abin yi mai sauƙin kuɗi. Shafa wa kwano farin fenti ko farar ƙasa yana mai da hasken rana baya, dabarar da hukumar birnin Ahmadabad na Indiya ta yaɗa a unguwannin talakawa tun 2017. Rufin ciki, ko da na asabari ne da aka yaɓe da ƙasa, tare da ƙananan tagogi a can sama don zafi ya fita, yana canza ɗaki. Ɓuntun shinkafa, wanda ake tarawa a ƙone a fadamun bakin Kwara irin na Tara, yana tare zafi, kuma ba ya saurin kama wuta, balle in an kwaɓa shi da yumɓu. A Senegal an yi alluna da tubalan rufi da ciyawar kacala haɗe da ƙasa.

Sai dai kada a ɓoye gaskiya: abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne. Daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, galibi ta hanyar rushewar gidaje, har tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi a farkon watan Satumba. Yankin Gaya yana samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, ƙasar kwarin kuma tana da danshi da kanwa mai cin gindin bango. Abin da ya yi a Cikal ba lalle ya yi a Junju ba sai an ƙara masa tushen dutse mai tsawo, da indararo mai kyau, da yaɓe mai ƙarfi. A nan ne ma tarkacen marmara ke da babban aiki, domin tushen da aka ɗaga da dutse shi ke raba bango da danshi.

Inda audugar take da gurbi

Duk da haka ba a ce a rufe mata ƙofa ba. Akwai ɗakunan da ɗan bambancin zafi ke raba rai da mutuwa, ko riba da hasara: ɗakin haihuwa, ɗakin kwantar da yara masu tamowa, ma'ajiyar magani da alluran rigakafi, ɗakin sanyi da ke aiki da hasken rana, inda ko wane digiri da aka tare ragi ne ga yawan batura da za a saya. Ga irin waɗannan, ƴan tan kaɗan da aka shigo da su daga waje sun isa gunduma guda, kuma kuɗinsu ba hasara ba ne. Sai dai a tuna cewa hanyar shigo da kaya tana iya toshewa. Gadar Gaya da Malanbil, wadda kayan tashar jirgin ruwa ta Kwatano ke bi, an rufe ta a 2023, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tsada ta ƙaru. Wanda ya ɗora dukan rufinsa bisa kayan waje ya ɗora shi bisa abin da ba ya hannunsa.

Abin da ya rage aiki ne na hukumomi da jama'a. Wajibi ne duk kwangilar ginin aji ko ɗakin shan magani ta ƙunshi rufin ciki da hanyar fitar iska, kada a karɓi gini daga hannun ɗan kwangila da kwano tsirara a kan yara. Makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, da jami'ar Doso da aka kafa a 2014, suna iya aika ɗalibai su sa ma'aunin zafi a ɗakuna iri-iri na Junju bazara guda, su gwada marmarar ko wane tudu, don magajin gari ya samu alƙaluma a hannu lokacin da zai zaɓi irin ginin da zai biya. Sarakuna da ƙungiyoyin matasa suna da nasu rabo wajen tsare giginya da tsara ramukan haƙar marmara, don kada su zama tarkon yara da dabbobi da damina. Tsofaffin magina da suka san laso da ɗaurin guga suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a haɗa su da samari a cibiyoyin koyon sana'a tun suna da ƙarfi.

Bazara tana zuwa ko wace shekara a kan lokacinta, kuma masana sun ce mai zuwa ba za ta fi wadda ta wuce sauƙi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran rufi da rani ake yinsa, tun kaka na hannu, tun iska na da sanyi. Allah shi ba shugabanni da talakawa ikon yin abin da ya dace a lokacin da ya dace.